Titivate: me take nufi, kuma daga ina Turawa suka samo ta?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, barka da warhaka. Ina karanta wata jaridar Ingila ne sai naga sun rubuta wai an yi titivating ɗin wani otal kafin zuwan baƙi, da na tambayi abokina sai yace ai kalmar batsa ce in rabu da ita. Dan Allah me take nufi, kuma daga Latin take ne? Sannan zan iya sa ta a rubutun jarabawa?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Da farko dai ka kwantar da hankalinka ba batsa bace, abokin naka ya haɗa ta ne da wata kalma mai kama da ita sosai, zan zo kanta yanzu. Titivate na nufin a ɗan gyaggyara mutum ko wani abu don ya ƙara kyau a ido, amma fa ƙananan gyare-gyare, ba wai a rushe a sake gini ba. In kana neman kalmarmu ta Hausa da tafi zama daidai da ita toh kwaskwarima ce, ni dai duk sanda ɗalibi ya tambaye ni ita nake bashi kuma nan take yake ganewa.

Ka ɗauka mutum ya riga yayi wanka ya sa kayansa zai tafi ɗaurin aure, sai ya tsaya gaban madubi ya gyara karin hula, ya taje gemu, ya sa tsumma ya goge takalmi, ya ɗan fesa turare, toh wannan tsayuwar ta ƙarshe ita Bature zai ce he is titivating himself. Haka mace in ta gama shiri ta dawo ta ƙara hoda ta zizara kwalli ta sake ɗaurin ɗankwali. Wankan da sa kayan ba su ne titivate ba, wannan ɗan ƙarin na ƙarshe shine. Shi yasa jaridar taka ta faɗa a kan otal, abin da suke nufi an shafa sabon fenti, an canza labule, wataƙila an jera furanni a bakin ƙofa. Da ace kwano aka yaye aka canza bututun ruwa da wayoyin wuta bazasu ce haka ba, renovate zasu ce, wato abin da mu zamu kira garambawul.

Kuma akwai wani abu da dikshinari ba kullum yake fito maka dashi fili ba, kalmar tana da ɗan ƙamshin zolaya a jikinta. In Baturen Ingila yace matarsa tana sama tana titivating, da murmushi yake faɗa, irin an daɗe ana jiranta. In kuma aka ce wani ma'aikaci yayi titivating ɗin rahoto toh ba yabo bane, ana nufin ya ƙawata bayansa ne kawai cikin yana nan yadda yake, daidai yadda muke cewa kwaskwarima kawai aka yi wa doka ba a taɓa ainihin matsalar ba. Wajen furtawa a gaɓar farko ake dannawa, TI-ti-veit, kuma ka kula da v ɗin nan tunda babu ita a bakinmu, haƙoran sama kan leɓen ƙasa, kada ta koma b ko f. Sunan aikin titivation. Zaka kuma ga wasu sun rubuta da t biyu a tsakiya, tittivate, shima daidai ne.

Toh kalmar da ta rikita abokinka itace titillate. Bambancinsu a rubuce ɗan kaɗan ne, v a wannan, l biyu a waccan, amma ma'ana ko kusa basu haɗu ba. Titillate daga Latin take kai tsaye, titillare, wato yin cakulkuli, ta shigo Turanci tun farkon ƙarni na 17, kuma a yau ana amfani da ita ne ga abin da ke motsa sha'awa, yawanci irin sha'awar da ba a faɗa gaban manya. In jarida tace hotuna ko labari titillating ne ka gane me ake nufi. Ita ma ba zagi bace ba kuma ashar ba, zaka same ta a manyan jaridu, amma ba kalmar da zaka jefa ko'ina bace. Su kansu Turawan suna wannan tuntuɓen, shi yasa littattafan koyar da amfani da kalmomi da yawa suke ware musu gargaɗi na musamman. Ka duba irin kunyar da mutum zai sha in yana son cewa bari inje in ɗan kimtsa kafin baƙi su iso sai bakinsa ya kufce ya faɗi ɗayar. Dabarar da nake ba ɗalibai itace su tuna mai v tana tafiya da renovate, dukkansu gyara ne, mai l kuma tana tafiya da tickle, cakulkuli kenan.

Yanzu asalinta, kuma nan ne ni abin yafi burge ni. Ka tambaya ko daga Latin take, amsar itace a'a, babu wata kalma titivare a Latin, duk da in ka kalle ta zaka rantse daga can take. A farkon ƙarni na 19 ta fara bayyana a rubuce, ana kawo 1805 a matsayin shekarar farko, kuma a rubuce-rubucen farko zaka ganta da d, tidivate ko tiddivate. Wannan d ɗin shine ya tona mata asiri. Bayanin da manyan dikshinari irin su Oxford suka kawo, tare da cewa mai yiwuwa ne, shine an ɗauki kalmar tidy ce, wato tsaf-tsaf, kalmar cikin gida da kowace uwa ke faɗa wa ɗanta, sai aka liƙa mata jela irin ta cultivate. Merriam-Webster na Amurka su kuma renovate suka kawo a matsayin wadda aka kwaikwaya. Ni a ganina ba sai an zaɓi ɗaya ba, kunnen mutanen lokacin cike yake da cultivate da renovate da captivate da elevate da aggravate, duk suna ƙarewa da sauti ɗaya, duk kuma kalmomin masu ilimi ne, don haka wanda ya fara ƙirƙirar tidivate sautin yake kwaikwayo gaba ɗaya ba wata kalma guda ba.

Abin lura anan, ita wannan jelar vate ɗin ma ba jela bace ta gaskiya. A renovate v ɗin na cikin saiwar kalmar ne, novus, wato sabo, jelar ate ce kawai. A cultivate ma haka, v ɗin na jikin cultivus ne. Amma mai magana ba ruwansa da wannan, inda kunnensa ya ji kalma ta karye nan yake yankawa. Haka aka yi da hamburger, asalinta Hamburg ne birnin Jamus aka ƙara er, amma mutane suka ji kamar ham, wato naman alade, da burger ne, suka yanke burger ta zama kalma mai zaman kanta har ana cewa cheeseburger. Toh ni a ganina ba wanda ya san Latin da gaske bane ya ƙera titivate, da alama aikin mutanen gari ne, kuma mai yiwuwa ta daɗe a baki kafin ta shiga takarda. Ka riƙe wannan dama a kan duk shekarar da dikshinari ya baka, ba ranar haihuwar kalma bace, ranar da aka fara kama ta a rubuce ce. Charles Dickens, wanda ya ƙware wajen ɗauko maganar mutanen titin Landan ya zuba a littafi, yayi amfani da ita a Sketches by Boz na 1836, da t biyu ya rubuta, yana bayanin wani dattijo da kullum bayan karin kumallo sai ya sa kaya ya ɗan yi kwaskwarima kafin ya fita.

Yadda d ta koma t kuwa, ni na fi karkata ga cewa titillate ce ta ja ta, tunda ita ta riga ta shekara wajen 200 a harshen, kunne ya saba da titi a farkon kalma. Kenan rikicin da abokinka ya faɗa ciki ba sabo bane, tun tana jaririya suke gogayya.

Me zai sa mutane su yi wa kalmar gida jelar Latin? Sai ka san matsayin Latin a Ingila ta wancan lokacin. Shine harshen coci na da, harshen jami'a, na likita da lauya, ɗan mai kuɗi tun yana ƙarami ake dura masa shi a makaranta, talaka kuwa sai dai ya ji ana yi. Don haka doguwar kalma mai ƙarewa da ate alamar ilimi ce, kuma mutane suna kwaikwayonta, wani don ya burge, wani don ya tsokani masu burgar. Mu ma muna da irin wannan da Larabci, kunnenmu ya saba da Ƙadiriyya da Tijjaniyya da Islamiyya, sai gashi an ɗauki sunan garin Kwankwaso an liƙa masa iyya an samu Kwankwasiyya, ba Balaraben da ya taɓa jin kalmar amma tana da nauyin Larabci a kunne. Amurkawa a shekarun 1830 sun yi ta ƙera irin waɗannan don nishaɗi, absquatulate wato a cika wando da iska, daga squat wato tsuguno, sai discombobulate wato a rikita mutum, ita wannan ta biyun har yau tana raye ana amfani da ita.

Ita tidy ɗin ma da aka gina titivate a kanta tana da nata labarin. Daga tide take, kuma tide a tsohon Turanci ba tashi da saukar ruwan teku take nufi ba, lokaci take nufi, 'yar uwar Zeit ce ta Jamusanci, shi yasa har yanzu ake da Yuletide, wato lokacin Kirsimeti, da eventide, wato lokacin yamma. Tidy a farko na nufin abin da yazo a kan lokacinsa, daga nan ta koma abin da ke cikin ƙoshin lafiya da kyan gani kamar amfanin gona da ya nuna a kan kari, sai a wajen farkon ƙarni na 18 ta zauna a ma'anar tsabta da shiri da muka sani. Ruwan teku ma ya samu sunan ne saboda yana da lokacin zuwa da lokacin komawa.

Batun jarabawa kuma, gaskiya ban baka shawarar sa ta ba, musamman a wasiƙar neman aiki ko rubutu na hukuma. Dikshinari da kansa ya sa mata alamar cewa ta hira ce, kuma ko a Ingila yanzu ta fara jin ƙamshin tsufa, bakin kakanni aka fi jinta ko 'yan jarida masu son wasa da harshe, Ba'amurke kuwa da yawa bai ma santa ba. In labari aka ce ka rubuta a WAEC ko NECO kana bayanin wata gwaggo da ta tsaya gaban madubi mota na jira, toh nan ta dace ɗas. Amma abin da ke damuna da ɗalibanmu, kuma wallahi yana damuna sosai, shine an sa musu a rai cewa iya Turanci shine jibga dogayen kalmomi, yaro zai bar tidy da ya sani sarai ya ɗauko titivate don tafi tsayi, bai san ita tsayin nata ma na wasa bane, an ƙera ta ne da tsokanar masu irin wannan halin. Mai duba takarda ba tsayin kalma yake ba maki ba, dacewarta da wurin yake dubawa, kuma in ka kuskure harafi ɗaya ka rubuta ɗayar ka jawo wa kanka asara a banza.

In kana son wadda zaka yi amfani da ita ko'ina ba fargaba, Ingila da Amurka duka, a hira ko a jarida, toh spruce up ce. Ma'anarsu kusan ɗaya sai dai spruce up bata da wannan zolayar, kuma tana ɗaukar gyaran da ya ɗan fi girma, ana spruce up ɗin gida kafin biki, ana yi wa gari kafin zuwan shugaba, mutum na yi wa kansa kafin intabiyu. Tunda kuma kai mai son asalin kalma ne bari in baka nata, don ya ma fi na titivate daɗi.

Spruce sunan ƙasa ne. Akwai wata ƙasa a bakin tekun Baltik da ake kira Prussia, yankinta na asali yanzu ya rabu tsakanin Poland da Rasha da Lithuania. A Turancin ƙarni na 14 Pruce suke ce mata, haka mawaƙin nan Chaucer da ya rasu a 1400 ya rubuta, sai kuma aka samu wani lafazin da s a gaba, Spruce, su biyun suna tafiya tare. Wasu na ganin s ɗin daga yaren Poland ta fito, inda z Prus ke nufin daga Prussia, wato abin da fatake ke faɗa in an tambaye su daga ina kayan, amma wannan hasashe ne ba a tabbatar ba. A lokacin akwai wata babbar ƙungiyar fataken biranen arewacin Jamus da ake kira Hansa, cibiyarta Lübeck, suna da tashar jiragen ruwa a Danzig wadda yanzu ake kira Gdansk, suna kuma da nasu zangon a bakin kogin Thames cikin Landan mai suna Steelyard, da gatan haraji na musamman, har sai da Sarauniya Elizabeth ta farko ta rufe shi a 1598. Su ke kawo wa Ingila katako da kakin zuma da kwalta da hatsi da fatu, su sayi ulu da yadi su koma. Duk abin da ya fito daga can sai a laƙaba masa sunan, katakon Spruce, akwatin Spruce, fatar Spruce.

Wannan fatar ita ta haifi ma'anar ado. Da ita ake ɗinka wata 'yar riga mai kama jiki da maza 'yan gayu ke sawa, jerkin suke ce mata, kuma shigar 'yan Prussia ta zama abin yayi har a fada, marubucin tarihi Edward Hall ya bada labarin wasu fadawan Sarki Henry na 8 da suka fito wajen wani shagali cikin shiga irin ta Prussia ko Spruce, haka ya haɗa sunayen biyu. Kafin ƙarshen ƙarni na 16 in aka ce mutum spruce ne ba a nufin ɗan wata ƙasa, ana nufin ɗan kwalisa ne mai fita fes, daga nan kuma aka mai da ita aikatau. Itacen nan ma mai ganye kamar allura da ake kira spruce, irin wanda suke kafawa a ɗaki lokacin Kirsimeti, daga nan ya samu suna a ƙarni na 17, don suna ganin daga Prussia yake zuwa. Ita ƙasar kanta babu ita yanzu, bayan yaƙin duniya na biyu ƙasashen da suka ci Jamus da yaƙi suka soke ta da doka a watan Fabrairun 1947.

Wannan ɗabi'ar ta Turawa ta kiran kaya da sunan inda suka biyo mu ma ta shafe mu kai tsaye, kuma ta ci mana haƙƙi. Lallausar fatar akuya da suke ɗaure manyan littattafai da ita suna ce mata morocco leather, alhali kaso mai yawa na fatar daga ƙasar Hausa take, fatar jar akuyar Sakkwato ce da majeman Kano da sauran garuruwanmu suka jeme suka rina, ayarin raƙuma suka ƙetara Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga jirgi zuwa Turai. Bature ya ga daga hannun wa ya karɓa sai ya sa mata sunan Maroko, aikin kakanninmu ya tafi da sunan wasu. Duk sanda na koyar da spruce sai na kawo wannan, saboda ina son yaranmu su san cewa a cikin dikshinarin Turanci ma akwai zufan iyayensu ko da ba a rubuta sunansu ba.

Wajen amfani da spruce up ka kula da wurin zaman up ɗin. In suna ne zaka iya cewa spruce up the room ko spruce the room up, duka daidai, amma in wakilin suna ne dole ya shiga tsakiya, spruce it up, spruce yourself up, ba a cewa spruce up it, nan ne ɗalibanmu suka fi faɗuwa. Akwai kuma smarten up, ita a Ingila gyaran shiga take nufi amma a Amurka sau da yawa tana nufin mutum ya yi hankali ya farka, don haka in Ba'amurke yace maka smarten up ba zancen kayanka yake ba, faɗa yake maka. Titivate kuwa bata buƙatar up ko kaɗan, titivate the room kawai zaka ce, ko she is titivating ba tare da ka ƙara komai ba.